Kwalekwalen Kawu Bitrus

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Kawu Bitrus a Muchiya ya san ba a gaisawa sai an ja da baya. Kana sallama zai ce, "Tsaya nan! Ƙara baya!" Wai sai ka kalli tekunsa tukuna.

Tekun nan zanen fenti ne da wata ɗaliba a Samaru ta ba shi, lokacin yana kafinta yana yi wa ɗalibai firam ɗin saka zane. In ka matso, jagwalgwalo ne kawai, kamar yaro ya goge hannu a bango. Shi kuwa ya dage akwai rairayi, ga rana tana narkewa a kan ruwa, ga wani ɗan kwalekwale yana komawa gida. Ɗakin da ya rataye shi ƙarami ne, don haka daga tsakar gida ake kallo.

Kun tuna ranar da Fasto ya zo? Ƙara baya, ƙara baya, sai ji muka yi tsundum, Fasto ya faɗa cikin bahon wankin maƙwabciyarmu Mama Ngozi!

Kawu ko a jikinsa. "Yawwa, daga nan ya fi fitowa. Ka ga kwalekwalen?"

Fasto ya ce, "Ruwan dai na ji shi."

Ɗansa na Legas ya yi ta roƙo ya je ya ga teku na gaske. Mutumin da bai taɓa wuce Kaduna ba ya ce, "Nasu ƙarni yake yi. Nawa ko sauro babu."

Da yanar ido ta fara rufe masa gani ma murna ya yi, wai duk Sabon Gari ta zama zane. Abu ɗaya ke cin ransa: ba wanda ya taɓa ganin kwalekwalen. Yakan ce mini, "Rahila, in na tafi ba ki gan shi ba, bola za ku kai tekuna."

"Kawu, ni fa tabo nake gani."

"Idonki ne ya cika kaifi, 'yar nan."

Ranar da muka dawo daga binne shi, na tsaya a tsakar gida, ƙofar ɗakin a buɗe, idona cike da hawaye. Komai ya yi dishi-dishi. Sai ga ruwa yana ƙyalli, ga kwalekwalen can gefen hagu, ɗan mitsitsi, ya kusa gaɓa.

Na gan shi, Kawu. Tekun yana ɗakina. Ubangiji ya sa ka sauka lafiya.