Des Treloar da bakin ƙadangaren 'yarsa

Duk wanda ya zauna a layinmu a Broken Hill ya san Des Treloar. Ƙuruciyarsa duka a ƙarƙashin ƙasa ya ƙarar da ita yana haƙar dalma da azurfa, ya fito da tari da faffaɗar kafaɗa da halin da ko yatsa ya yanke ba zai ce da zafi ba. Da matarsa ta rasu sai ya tattaro ya dawo gidan 'yarsa Narelle. Shingen kwano ne kawai tsakanina da su, shi ya sa ba abin da ke wuce ni.

Ya zo da tunanin shi za a riƙa lallashi a gidan, sai ya tarar an riga shi. Narelle tana da ƙadangare mai gemu, irin waɗanda ke shan hantsi a kan shingayen bayan gari, sai dai nata na gida ne, sunansa Rusty, da akwatinsa na gilashi da fitilar ɗumama jiki. Likitar dabbobi ta taɓa ganin kumburi a dasashinsa, tun daga nan Narelle take ɗora shi a cinya, ta tsoma tsinken auduga a ruwan magani tana goge masa haƙora.

"Buɗe baki, ɗan albarka. Yauwa, haka nake so."

Des na kujera yana kallo. "Ni tunda na zo gidan nan ba a taɓa ce mini ɗan albarka ba."

"To kai ma buɗe naka in goge maka, Baba."

Sai ya tsuke baki ya kau da kai.

Ni yake kawo wa ƙara ta saman shinge. "Glenys, kin taɓa ganin inda ake yanka wa ƙadangare ganye da wuƙa? Ni kuwa sai a ce abinci na cikin firji, in ɗumama." Yana faɗa yana dariya, amma dariyar ba ta kai zuci ba.

Da Narelle ta samu aikin tuƙa babbar mota a wata mahaƙa mai nisa, takan yi kwanaki ba ta gida, sai kula da Rusty ta dawo kan Des. Ta ja masa kunne: gyare da ɗanyen ganye kawai, ban da 'ya'yan itace masu laushi, a fitar da shi rana, a goge masa baki. Da farko daga nesa yake watsa masa gyaren kamar mai ba wa maƙiyi sadaka. Wata rana yana baranda yana dama ayaba a kofi, Rusty ya hau ƙafar wandonsa har gwiwa, ya zura harshe ya lashi cokalin. Daga ranar kullum tare suke cin ayabarsu. Goge baki kuwa Des ya ce shi ba zai ci wa ɗan'uwansa namiji mutunci ba.

Ba a daɗe ba Narelle ta dawo hutu ta tarar Rusty ya daina kama gyare, yawu mai kauri na taruwa a gefen bakinsa. Ta ɗauke shi sai asibitin dabbobi, Des ya ce sai ya bi su. Ita ta ba ni labarin abin da ya faru. Likitar ta buɗe bakin ta nuna musu dasashin ya yi jajir, dauɗa ta daskare a gindin haƙoran. Ta ce haƙoran irin wannan ƙadangare manne suke da ƙashin muƙamuƙi, wanda ya faɗi ba ya sake fitowa, in aka yi sake kuma ciwon ƙashin yake shiga. Sannan ta tambaya wa ke ba shi abu mai laushi da zaƙi.

Des ya ce, "Abin da nake ci na sam masa."

Sai da suka shiga mota Narelle ta juyo. "Baba, tun yaushe kake cin ayaba da cokali? Kai da ba ka barin ko tsoka a haƙarƙarin rago?"

Ta kama haɓarsa ta juyo da shi, ya buɗe bakin da ƙyar. Ta ce warin ne ya fara dukanta kafin ta ga kumburin.

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Kullum kina leƙa bakin ƙadangare. Nawa ko sau ɗaya."

"Ai kai kana iya magana, Baba."

"Shi da ba ya iyawa ai kin gane."



An sa wa Rusty maganin barci an kankare masa baki, ya rasa 'yan haƙora. Des kuwa likitan haƙori ya cire masa kusan duk na ƙasa, daga baya aka yi masa na roba. Narelle ta ɗauki hutu ta zauna da shi, tana dafa masa miyar kabewa, tana tsaye a kansa har ya kurkure baki da ruwan gishiri. Ban taɓa ganin mai jinya yana walwala irin haka ba. Duk da haka sai da ya gaya mini cewa ƙadangaren aka fara kaiwa asibiti.

Abin da ba wanda ya zata shi ne, Rusty ya sauya ubangida. Ko da aka daina ayaba, da an buɗe akwatin wajen Des yake nufa. In Narelle ta matso da tsinken auduga sai ya kumbura gemu ya yi baƙi ƙirin, amma in Des ne, da manyan yatsun nan nasa, sai ya lafe. Yanzu shi ke gogewar, a baranda, da tabarau a kan hanci.

"Ni na raine shi tun yana kamar ɗan yatsa," in ji Narelle. "Dubi butulcin nan."

"Ba butulci ba ne, 'yar nan. Hannunki ne da nauyi."

Kwanan baya ta ce tana tunanin sayo wani ƙadangaren, wanda zai zama nata ita kaɗai. Des ya ce ranar da aka shigo da shi, shi da Rusty za su nemi gidan haya.