Jinka Talatin, Ɗaki Sittin

Ba a haife ni ɓarawo ba. Ɗan manomi ne ni daga wani ƙauye a yankin Sanam, kuma har gemu ya fara tsiro mini ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Uwata ta rasu ina ɗan wata huɗu. Maƙwabciyarmu Inna Dela, wadda a lokacin take da nata goyon, ita ta raba nononta biyu ta ba ni ɗaya. Mijinta Baba Arzika shi ya koya mini riƙon hauya. Ku riƙe sunayen nan biyu, samari, don saboda su nake ba ku labarin nan.

Da Nasara suka zauna da gindinsu a Filinge, sai na gudo gari, don na tsani noma kuma ina son riga mai aljihu. Na sami aiki a rumbun bariki, ina auna wa ma'aikata gero da tiya. A nan abin ya soma, kuma ƙarami ne ƙwarai. Sai in tura babban yatsana cikin tiyar in ina awo, abin da yatsa ya tare ya zama nawa. Ban kira shi sata ba, na kira shi ladan tsayuwa a rana.

Wanda ya fara kama ni shi ne Mushe Balla, wato Malam Balla a bakin Faransawa, mai fassara wa kumandan magana. Dogo ne, mai fara'a, kullum bakinsa ja da goro. Na ɗauka kashina ya bushe. Sai ya yi dariya ya dafa kafaɗata ya ce, "Yatsan ga naka shina da hankali. Amma kak ka tsaya ga yatsa, ƙanena, hannu duka aka ci da shi." Tun daga ranar ya riƙa kirana ƙanensa, ni kuma na yarda har cikin zuciyata. Ya rantse mini cewa in dai yana numfashi a barikin nan, ko ƙuda ba zai sauka a kaina ba.

Sai ga shekarar da fara ta sauka ta share gonaki tas. Gero bai yi ba, amma lanho, wato harajin Nasara, bai ragu ba. Mutane suka sayar da awaki, suka sayar da tukwane, daga baya suka bar gidajensu suka nufo gari. Suka cika gindin itatuwan bakin kasuwa da tsofaffi da mata da marasa lafiya, ga damina ta matso. A cikinsu na ga Inna Dela da Baba Arzika. Ɗansu ya tafi neman abinci kudu bai dawo ba, shi kuma Baba tari ya kama shi, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa.

Kumandan ya gaji da ganinsu a hanyarsa. Ya ce a cire kuɗi daga cikin lanhon, a yi musu ɗakuna sittin, talatin a gabashin gari, talatin a yamma, don kada a cunkushe cuta ta tashi. Kuɗin talakawa ne dai za a mayar musu a matsayin rufi. Ya ɗora aikin a hannun Mushe Balla, shi kuma ya ɗora a nawa.

Ku da kuka taso a ɗakin kwano ba ku san jinka ba. Kewaya ɗaki da zana ba wuya. Jinka shi ne aikin, shi ne kuma kuɗin, balle a shekarar da sai an yi tafiyar kwana biyu kafin a sami ciyawar rufi. A ƙasa ake ɗaura shi, in ya gama sai maza su kewaye shi su ɗaga su aza a kan ɗaki. Abin da aka aza kuwa ana iya saukewa. Mushe Balla ya lura cewa kumandan yana duba gabas da safe, ya ci abinci ya kwanta da rana, sai da la'asar ya duba yamma, kuma bai taɓa sauka daga doki ba. Daga kan sirdi yake nuna kawunan ɗakuna da bulala yana ƙirgawa.

Mushe Balla ya ce mini, "Jinka talatin za mu yi. Shi gane su gabas da sahe, shi gane su yamma da marece. Nasara kai yaka ƙirga, ba ya leƙa ciki."

Na ce, "To mutanen da ke ciki fa?"

Ya ce, "Wuni guda na. Da can ba gindin icce suke ba?"

Haka muka yi. Muka kewaya ɗaki sittin, muka yi rufin talatin, muka raba kuɗin sauran. Shi ya ɗauki kashi uku, ni ɗaya. Mutanen da ya kamata su shiga ɗakunan yamma muka ce su yi haƙuri aiki bai kammala ba, suka ci gaba da kwana a bakin kasuwa. Duk ranar dubawa, da kumandan ya shiga barci, sai in tara majiya ƙarfi daga cikin mayunwatan nan, in ba kowa tiya guda, su ɗauki jinkaye su zaga ta bayan gari. Washegari a mayar. Na sayi rigar da nake so, har da takalmi mai ƙara.

Inna Dela na sa ta a gabas, ina ganin na yi mata abin kirki. Ita 'yar bori ce, kamar yawancin mutanenmu na ƙauye. Ranar da ta shiga ɗakin ta yanka 'yar kazar da ta rage mata, ta ɗaura ƙahon akuya da jan ƙyalle a ƙololuwar jinkan, ta ce ta zaunar da iskarta. Kumandan ya ga ƙahon a dubawar farko, ya burge shi, har ya nemi ya saya, ta ƙi. Saboda haka in an kai jinkanta yamma, can layin baya nake sa shi inda ba za a hango ba.

Ranar farko da muka zo sauke mata rufi ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, ba a buɗe kan ɗakin da anka zaunar da iska. Kuma ka ga babanka kwance." Na ce mata umarnin Nasara ne. Na yi mata ƙarya ina kallon idonta, ta kuwa yarda, don ba ta taɓa zaton ɗan da ta shayar zai yi mata haka ba.

Sau biyu abin ya tafi daidai. Rana ta uku hadari ya haɗu tun hantsi. Na je wurin Mushe Balla na ce mu bari yau. Ya ce in kumandan ya tarar da yamma ba rufi, ni zan yi bayani. Na koma na sa aka sauke. Baba Arzika yana kwance a tabarma, ya ɗaga kai ya ga sama a buɗe, sai tari ya turnuƙe shi. Jinkaye suna isa yamma ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, bai tsaya ba har magariba. Kumandan bai fito ba saboda ruwan. Mushe Balla ya aiko cewa kada a taɓa komai sai an duba gobe. Ina da ƙafa, ina da maza a hannu, zan iya mayar da jinka guda ɗaya. Ban mayar ba, na ji tsoron a rage mini kashina.

Da safe aka binne Baba Arzika.

Da la'asar kumandan ya zo yamma yana ƙirgensa. Sai ga Inna Dela, zanenta bai ko bushe ba. Ba ta jin Faransanci, ta kuma san in ta yi magana ta bakin wa za ta bi. Sai ta kama linzamin dokin kawai ta ja. Gardi, wato dogarin bariki, ya ɗaga bulala, kumandan ya hana. Ta ja shi har layin baya, ta nuna masa ƙaho da jan ƙyalle. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya doki ya zabura gabas, ya tarar da ɗaki talatin baki buɗe, mutane suna shanya tsummokaransu.

Da aka tsayar da ni a gabansa na faɗi komai, tun daga yatsa a tiya har kashi uku da ɗaya. Na daɗe ina magana ina kuka. Amma wa ke juya maganar? Mushe Balla. Ya saurara har na gama, ya juya ya faɗi 'yan kalmomin da ba su kai tsawon sallama ba, kumandan ya gyaɗa kai. Daga baya wani gardi mai jin Faransanci ya gaya mini abin da ya ce: wai na amsa laifina, ni kaɗai na shirya, ina neman afuwa. Da na ga ni kaɗai aka kama, na kalli Mushe Balla na ce, "Yaya, kai da ka rantse mini?" Ya tofar da goro ya ce, "Ban san ka ba sai ga awon hatsi."

Shekara huɗu na yi a gidan kaso, ina fasa dutse ina ɗebo ruwan bariki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da nake hange ta ƙofa. Ba a karɓo kuɗin ba, ba a ƙara jinka ko ɗaya ba. Kumandan ya sami wanda zai ɗaure, ya rufe maganar, don in ya tona sai a tambaye shi dalilin da bai taɓa sauka daga doki ba. Mushe Balla ya gina soro. Na yi shekara biyu ina tsine masa kafin in gane cewa abin da ya yi mini, shi na yi wa matar da ta ba ni nono, kuma nawa ya fi muni.

Da aka sake ni na tuba, na nemi inda Inna Dela take. Tana raɓe a zauren wata mai sayar da fura. Na je daji na yanko ciyawa da kaina, na yi kwana tara ina ɗaura jinka a fili kusa da ita, mai kyau, wanda ban taɓa yin irinsa ba. Da na gama na bi gida gida ina neman masu ɗagawa. Ba wanda ya fito. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ni kuwa a ranar na san ba karin magana ba ce kawai. Ina tsaye sai ga ta da sanda. Ta zaga jinkan, ta taɓa ɗaurin, ta ce ya yi kyau. Na durƙusa na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Nonon da ka sha na yahe, don ba sayar maka na yi ba. Amma bar jinkan ga nan ƙasa. Wanda ka yi domin shi ya samu ruhin kabari, wanda ba a saukewa."

A nan ya zauna har gara ta cinye shi.

Samari, wata rana wani cikinku zai riƙe abin jama'a, ko tiya ce ko mabuɗin rumbu. In an ba ka don waɗanda ba su da wurin kwana, ka sani kowane abu da ka rage, a kan wani mutum mai suna ka rage shi. Wanda ya kira ka ƙane ranar rabo, ba zai san ka ba ranar tambaya. In kuma kai ne mai dubawa, ka sauka daga doki ka leƙa ciki. Ni yanzu na tsufa, ina da ɗaki mai rufi, amma duk ranar da hadari ya haɗu tun hantsi, ba na iya zama a cikinsa.