Dogon Ruku'un Baba

Shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, duk unguwar Sheshe babu wanda ya kai Babanmu dogon ruku'u. Shi ne limamin ɗan masallacin lungunmu tun ban san hannun damana ba. In ya sunkuya, wallahi sai ka je Ƙofar Wambai ka buɗe shago, ka yi ciniki, ka dawo bai ce sami'allahu ba. Amma tsayuwa? Fatiha, Ƙulhuwallahu, sai ya duƙa. Mutumin da a da yake jan Baƙara kamar yana jin haushinmu.

Dattawan sahun gaba suka ce Malam ya kai wani maƙami. Wani Alhaji mai yadi har hawaye yake, wai irin wannan tsoron Allah sai mutanen da. Ni ma haka na ɗauka, sai ranar da na raka shi gaisuwa a ƙasa, na ga in mun ɗan taɓa tafiya sai ya sunkuya kamar zai gyara takalmi. Takalmin kuwa silifas ne.

Na ce, "Baba, nan ma ruku'un ne?"

Ya ce, "Kai dai bakinka ba ya azumi. Ƙafafuna ne. In na miƙe sai su mutu, kamar ana zuba min tururuwa daga ƙugu har diddige. In na sunkuya sai su dawo."

Na kai shi asibiti. Likita ya ɗaga hoton bayansa, ya ce hanyar da jijiyoyi suke bi a ƙasan gadon baya ce ta tsuke, sunkuyon ne yake ɗan buɗa ta. Ko dai a yi aiki a faɗaɗa wurin, ko a bi da magani da gashi da motsa jiki.

Na ce, "Likita, wato ko a yanka shi ko a gasa shi? Uba na kawo maka fa, ba ragon layya ba."

Likita ya yi dariya. Baba bai yi ba. Ya ce, "Wanne ne zai bar ni in tsaya a gaban jama'a?" Shi da kansa ya koya mana cewa mai zama ba ya jan masu tsayuwa sallah.

Likita ya ce aikin ya fi kusa da hakan, da yawa suna samun sauƙi, amma da shekarun Baba ba zai rantse masa ba. Gashi kuwa ba ya faɗaɗa komai, lallashi ne.

Ni aiki na zaɓa. Innarmu ta ce sam, ita ta san wani da ya shiga ɗakin tiyata da ƙafarsa aka turo shi a keke. "Kai da ko allura ka gani sai ka haura katanga, kai ne mai miƙa ubanka ga wuƙa?"

Baba ya zaɓi gashi. Muka yi ta sintiri. Ya ɗan ji dama, har ya koma karanta Sabbi. Na fara yi masa tsiya wai ya gasu, saura yaji.

Wata La'asar ina sahu na biyu na ga rigarsa tana rawa tun a Fatiha. Ya yi ruku'u. Muka jira. Wannan karon ko Alhaji mai yadi bai yi hawaye ba. Can Baba ya miƙa hannu baya ya jawo na'ibinsa gaba, shi kuma ya zame ya zauna.

Da aka sallame aka rufe shi da sannu. Ya ce, "Sojoji ma sun miƙa, bare ni." Aka yi dariya. Ni da nake sana'ar dariya, ranar ban samu ko ɗaya ba.

A hanyar gida na ce, "Baba, har yanzu likita yana nan."

Ya ce, "Na ba yaron nan gaba a idon mutane. In warke in ce ya matsa?"

Bai yi aikin ba. Har yau ban san ko da an yi zai tsaya ba, ko kuwa keken da Inna take tsoro ne zai same shi. Kujerar roba muka ajiye masa a ƙarshen sahu. Sabon liman ruku'unsa kamar kaza ta tsinci gero, dattawa suna ta ƙorafi wai an rage musu lada. In ya ce sami'allahu kowa sai ya ɗago, ban da Baba. Shi sai ya ɗan ƙara jimawa a sunkuye.