Baƙin allo a ɗakin Mma

A shekarar da likita ya gaya mana hawan jinin ido ya cinye idon mahaifiyata na hagu, na dama ma yana bin sahu, yayana yana aiki a jirgin ruwa na dakon kaya. Ya daɗe rabonsa da unguwarmu Nima, har yaran gidan hayarmu ba su san kamanninsa ba. Yakan bugo waya in sun sauka a wata tasha, amma Mma ta ce ta gaji da murya, gani ya kori ji. Tana so ta ga ɗanta tun da sauran haske a idonta.

Lokacin wayoyin da ake ganin mutum ba su iso hannun irinmu ba. Sai Yaya ya sa abokinsa ya sayo mana kwamfuta ta hannu, ya haɗa ta a lungun ɗakina, ya ɗora ƙaramar kyamara a saman allon, ya saita komai. Ni dai nawa in kunna, in kira ya shigo in danna koren maɓalli. Aka tsayar da ranar Lahadi bayan la'asar. Jirginsu zai tsaya na ɗan lokaci, in aka rasa wannan sai bayan watanni.

Mma ba ta ɗauki abin a matsayin kira ba, a wurinta baƙo ne zai sauka. Da safe ta aike ni Kasuwar Malam Atta in sayo nama da ganyen ayoyo na miya. Na ce, "Mma, ta cikin allon zai ci tuwon?" Ta ce in rufe mata baki. Ashe fitata take jira. Kafin in dawo ta sa matan gidan sun kwashe kwamfutar zuwa ɗakinta, wai ɗanta ba zai gan ta a ɗakina da kaya ke zube kamar na mai shirin gudu ba. Sun goge ta tas, sun turara ɗakin, sun mayar da kowace waya inda suka ga ta shiga.

Na danna maɓalli. Fanka ta tashi, ƙaramar fitilar akwatin ta kama, har ɗan kiɗan da take yi in ta farka ya fito ta sifika. Allon kuwa baƙi ƙirin. Na kashe na kunna, na cire wayar mai shuɗin kai na mayar, na ɗaure ƙusoshinta har yatsuna suka yi zafi. Na canja soket. Na kai wa allon mari, Allah ya gani da haushi na yi shi.

Kan ka ce kwabo ɗakin ya cika, kowa ya zama injiniya. Wata ta ce hayaƙin turare ne ya shiga, wata ta ce idon mahassada ne, don ta lura da yadda ake ta yawo da labarin. Aka kira maƙwabcinmu mai gyaran rediyo. Ya kwance akwatin, ya zaro wani siririn abu ya goge da robar fensir, ya hura, ya mayar. Ya kunna, ya daɗe yana kallon baƙin allon, sannan ya ce, "Sista, masin ɗin yana da rai o, amma monita ya mutu kraa." Na ruga gidan da na san suna da irinsa, na tarar da kwaɗo a ƙofa, sun tafi biki unguwar Alajo. Talabijin ɗinmu kuwa ba ta da ramin da wayar za ta shiga. Na yi tunanin kai Mma shagon intanet, amma lambar sirrin tana wurin abokin Yaya, shi kuma wayarsa a kashe.

Mma tana zaune kan kujera, ta ci ado da leshinta na Salla, ta sa kwalli a idon da ba ya gani da wanda ke gani.

Muna cikin haka sifika ta fara ƙara. Yaya ne. Kiran yana shigowa, koren maɓallin yana can wani wuri cikin duhun allon, ni kuma ban san inda kibiyar take ba. Na kama maus ina ja ina dannawa kamar mai laluben allura a buhun gero. Kiran ya yanke. Ya sake shigowa, ya sake yankewa. Hawaye suka fara zubo mini, ina dannawa ina salati. An ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Can, ban san me na taɓa ba, sai ƙarar ta tsaya, muka ji muryarsa, da Hausarsa ta Nima.

"Mma! Ina ganin ka! Ei, ka yi kyau paa!"

Mata suka ɗauki guɗa. Mma ta matso da kujera, ta karkata kai don idon dama ya samu allon. Ba abin da ke ciki sai inuwarta da tawa.

"Ni ban gan ka ba," ta ce.

"Ga ni nan, ina ɗaga hannu."

"To, ɗaga. Ka yi ƙiba ko ka rame?"

Ya yi dariya ya ce yana nan yadda ta san shi. Ta sa aka kawo tuwon ta nuna masa, ta juya ya ga leshin, ta sa masa albarka. Ba a jima ba ya ce ana kiransu. Da sifikar ta yi shiru, Mma ta cire ɗankwalinta ta ninke a cinya, ta ce, "Alhamdu lillahi, shi dai ya gan ni." Ni kuwa na fita bayan gida na yi kukan da ban so ta ji ba.

Da abokin Yaya ya zo cikin mako, ya leƙa bakin shuɗiyar wayar ya ga wani siririn haƙori ya lanƙwashe, da alama wurin turawa ne. Ya canja wayar, allon ya kawo fes.

Sai bayan damina jirgin ya sake tsayawa. Wannan karon ba wanda ya taɓa komai, kira ɗaya na amsa. Fuskar Yaya ta cika allon, ya tara gemu, furfura ta fito masa a gefen kai. Na ce, "Mma, ga shi nan." Ta miƙa hannu tana lalube, sai da na kama yatsunta na ɗora mata a kan gilashin. Ta shafa shi a hankali daga sama har ƙasa, sannan ta juyo inda take jin numfashina.

"Faɗa mini, da wa ya yi kama yanzu?"

Na ce, "Da marigayi Baba."

Ta gyaɗa kai, ba ta ɗauke hannun ba.