Teburin Mai Gyaran Agogo

A layin shagunan kowa Kar-ka-motsa yake ce masa, don shekara talatin ke nan abin da yake faɗa kafin ya danna kyamara. Ya ɗauki ɗalibai masu neman hoton katin shaida, da jarirai masu tsala ihu, da ma'aikatan da suka ari kwat. Da wayoyi suka cika hannun mutane sai ƙafa ta ɗauke daga shagonsa, bencin jira ya koma wurin barcin kyanwa.

'Yan kasuwa ne suka rufa masa asiri. Suna kawo takalma da kwalaben turare da tukwane, ya ɗauka musu su tallata a waya. Matarsa ta samu abin tsokana.

"Maigida, Allah ya haɗa ka da masu jin magana," in ji ta. "Tukunya dai ba za ta ƙifta ido ba."

Shi ma ya zaci sauƙi ya zo. Ashe mutum taimakonka yake yi, ya yi murmushi, ya gyara wuya. Tukunya kuwa yadda ka ajiye ta haka za ta zuba maka ido. Sai da ya ɓata wata biyu kafin ya kashe fitilun shagon, ya ja teburinsa jikin taga. Ya gane hasken da ya zo daga gefe shi ke fito da jikin abu, na gaba kuwa shafe shi yake yi. Ya koyi jingina farin kwali don inuwa ta yi laushi. In ya jera abu biyar sai ya tsaya ya duba, ya cire biyu.

Wata safiya wata malamar makaranta ta shigo rungume da kwali. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, ya rasu wata uku da suka wuce, kuma duk rayuwarsa bai yarda an ɗauke shi hoto ba.

"Baba, mu biyar ne, kowa da inda yake zaune," ta ce. "Shagon za a mayar wa mai shi ƙarshen wata. So nake kowa ya samu abin ratayewa a ɗaki."

Ta fito da kayan, ta goge su tas suna walƙiya: hantsaki, ƙananan sukudireba, gilashin da ake maƙalawa a ido, gwangwanin kusoshi. Ya shimfiɗa baƙin yadi, ya jera su, ya ɗauka. Hoton ya yi kyau, har maƙwabcinsa tela ya ce a ba shi guda.

Bayan kwana biyu malamar ta dawo tana sunkuyar da kai.

"Inna ta duba, ta ce kayan wane ne wannan?"

Maganar ta soke shi. Ya wuni yana juya hoton, bai ga aibinsa ba. Haske ya zauna, komai ya fito. Da ya kai wa matarsa ƙara, ta duba ta miƙo masa.

"Ai kyau kam ya yi. Nawa ake sayar da su?"

Nan ya gane. Hoton talla ya yi.

Washegari ya rataya kyamara ya bi malamar shagon mahaifinta. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai taga ɗaya, da tebur da kujera. Tsohuwa, mahaifiyar malamar, tana zaune a bakin ƙofa tana jiran su. Ya gaishe ta, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya ajiye kwalin a gabanta.

"Inna, ku za ku jera. Ni ban san shi ba."

Ta tashi a hankali. Ba ta yi wani tunani ba, hannunta ne ke aiki. Hantsaki da sukudireba duk ta zuba su ta hagu.

"Bahago ne," ta ce. "Kai kuwa ka kai masa komai dama. Da yana nan da ka sha faɗa."

Sai a lokacin ya lura da yadda teburin ke zaune, taga tana hannun dama, don kada hannun mai aikin ya yi masa inuwa. Bakin teburin ta hagu ya lotsa ya yi sumul, inda gwiwar hannu ta shekara arba'in tana dogarawa. Can gefe ga zoben da gindin kofin shayi ya bari, zobe kan zobe. Malamar ta ɗauko tsumma.

"Kar ki taɓa, 'yata," in ji Kar-ka-motsa.

"Baba, datti ne fa."

"Bar shi. Shi muka zo ɗauka."

Ya sauke kalanda, ya kawar da kwalbar mai da tarin rasit. Da ya kai hannu kan rediyo tsohuwar ta ce a'a, mutumin nan ko numfashi ba ya yi sai da rediyo. Suka ɗan ja, ƙarshe ya tura ta gefe yadda rabinta kawai za ta shigo. A aljihun teburin suka tarar da agogon hannu a buɗe, ba a gama gyaransa ba. Ya ɗora shi a tsakiya, gilashin ido kusa da shi, ya ɗan ja kujerar baya.

Sai jira. Rana ba ta kai tagar ba tukuna. Tsohuwar ta yi ta ba shi labari: yadda marigayin ke saita agogon kowa a unguwa amma bai taɓa zuwa cin abinci kan lokaci ba. Wajen ƙarfe goma haske ya gangaro kan katakon, lotsawar nan ta fito, hantsakin ya yi 'yar inuwa. Ya danna sau uku ya rufe kyamara.

Da ya kawo hotunan, tsohuwar ta karɓi ɗaya ta matsa bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallo. Malamar tana tsaye a bayanta.

"Kamar ya zaga baya ne," in ji tsohuwar. Ta shafa gefen hoton da yatsa. "A ƙara guda. Ƙaninsa zai so."

Ƙarshen wata aka kwashe shagon, wani mai gyaran waya ya kama shi, ya yi fenti ya sa fitilu. Teburin bai shiga ɗakin kowa ba saboda girmansa, sai malamar ta sa aka kai wa Kar-ka-motsa. Ya ajiye shi jikin tagarsa. Har yau a kansa yake ɗaukar takalma da turare, amma sai ya shimfiɗa yadi tukuna.