Turancin Auta Mai Niƙa

Auta ƙanena ne, ciki ɗaya, don haka in na ce bai iya Turanci ba, ba hassada ba ce. Aji uku ya yi a firamare, shi ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro. Amma kusan shekara guda matan unguwarmu a Birnin Gwari suna rantsuwa babu wanda ya kai shi jin yaren Bature. Ni kuwa ina gefen rumfarsa ina suyar awara, na ja bakina na yi gum, kada a ce Jannatu ce ta tona wa ɗan'uwanta asiri.

Niƙa ce sana'arsa tun yana saurayi. Injinsa tsoho ne, in ya tashi ko kanka ba ka ji. Auta ga son waƙa, amma duk wadda ya sa sai injin ya haɗiye ta. Ya gwada ta Hausa, ya gwada ta Indiya, sai dai ka ga fitilar sifika tana ƙyafce-ƙyafce. Ana haka ya sayo wata tsohuwar waya a Kaduna, ashe mai ita na farko ya bar memori cike da wani kiɗan Turawa. Ranar da ya fara sa shi, saura kaɗan in kifar da kaskon mai. Ganguna kamar ƙanƙara a kan kwano, goge ya fi ɗari, jita tana kuka, 'yan amshi maza da mata gari guda, ga wani ƙato yana ƙwala siririyar murya. Ranar ce injin Auta ya san akwai na gaba da shi.

Da farko matan da ke layi cewa suka yi kiɗan aljanu ne, biyu ma suka ɗauki dawarsu suka yi gaba. Sai Na'ima, wadda ba a yin abu ba ta sa ido ba, ta hango hoton da ke kan wayar: wani mai gashi har gadon baya riƙe da takobi, a samansa maciji mai fuka-fuki yana aman wuta. Ta tambayi Auta me suke cewa. Mai hankali zai ce bai sani ba. Auta kuwa ya karkata hula, ya ce ai labari ne.

Wai labarin wani manomi ne mai suna Jaji, macijin nan ya kwashe masa shanun noma ya shige daji, shi kuma ya bi sawu. Waƙa goma ce, kowacce zango guda. In ganguna suka rikice, Jaji ke gudu. In goge ya yi sanyi mace ta shigo, uwarsa ce ke masa addu'a. In 'yan amshi suka ɗauka, mutanen gari ne a ƙofar mai unguwa, kowa na magana ba mai sauraro. Haka zai yi ta zuba hatsi yana ɗaga murya, gari har cikin girarsa. Kafin wata biyu mudu ɗaya sai a raba shi zuwa uku, don a samu dalilin dawowa jin labari. Wallahi da idona na ga wadda ta dawo da garin da aka niƙa mata jiya, wai bai yi laushi ba.

Mutum ɗaya ce ba ta dariya, Inna Huraira, wata dattijuwa da ta taso daga ƙauyen Kusasu. Ɗanta Isah ya tafi gona ta bakin daji shekara biyu da suka wuce, bai dawo ba, ba a kuma kawo labarinsa ba. Kullum tana zuwa da 'yar ƙwaryarta, ta zauna daf da sifika, in za ta tashi ta ce, "Auta, ya fito?" Shi kuma ya ce, "Saura kaɗan, Inna." Saboda ita bai taɓa sa waƙa ta goma ba. Daga ta tara sai ya koma ta farko, ya ƙirƙiro wa Jaji sabuwar wahala.

Sai aka turo Malama Mercy koyar da Turanci a sakandare, ta kama ɗaki a bayan gidanmu. Na ce wa Auta ya shirya, ranar wanka ta zo masa.  Zuwanta na farko ya ce ba mai a inji, na biyu ya ce bel ya tsinke, alhali bel ɗin na kallonta. Na uku ranar Asabar ce, layi ya cika, kiɗa na tashi, babu hanyar gudu. Na'ima ce, don tsabar alfahari da shi, ta jawo hannun Malama ta ce ta zo ta ji Baturen unguwarmu.

Malama ta saurara, ta ce ta san irin kiɗan, ƙaninta na jami'a ya ishe su da shi a gida, metal ake ce masa. Ta nemo baitocin a wayarta ta shiga fassarawa da zuciya ɗaya. Babu manomi, babu shanu, babu mai unguwa. Wani ɗan sarki ne a ƙasar dusar ƙanƙara yake neman takobin kakansa. Matar nan mai sanyin murya kuma ba uwar kowa ba ce, sarauniyar aljanu ce ke masa barazana. Na'ima ta dafe ƙirji ta ce ashe amin ɗin da ta yi ta zubawa duk wa aljana take yi. Rumfa ta kece da dariya. Auta ya cusa kai cikin bakin inji kamar ya yar da wani abu. Kunya ta kama ni, amma ba zan yi ƙarya ba, ni ma na dara har da hawaye.

Cikin hayaniyar Inna Huraira ta taɓa zanin Malama. "'Yar nan, a ƙarshe ya koma gida?"

Malama baƙuwa ce, ba ta san komai ba. Ta duba waƙa ta goma ta ce, "A'a, Mama. A kan dutse ya mutu."

Dariya ta ɗauke. Auta ya kashe injin, ya kashe sifika, ya zo ya tsuguna a gabanta fari fat da gari.

"Inna, ban iya Turanci ba, ko kalma ɗaya," ya ce. "Wancan nasu ne, su suka kashe abinsu. Jaji nawa ne, yana nan da ransa."

 Inna Huraira ta tura masa ƙwaryarta da ƙafa, ta ce to ya tayar da injin.

Yanzu Farfesa ake kiransa don tsiya, yana kuma amsawa. Layi bai ragu ba, har Malama Mercy ta kan zauna a ciki tana gardamar cewa Jaji ya cika wauta. Ni ce dai na gaji. Fiye da shekara ke nan Jaji yana yawo a daji ɗaya, kura ta bi shi sau huɗu. Shekaranjiya muna kwashe kaya na ce masa don Allah ya kawo bawan Allahn nan gida, kowa ya huta.

Ya ɗaure bakin buhu bai dube ni ba.

"Yaya, in na kawo shi gida, Inna Huraira ma gida za ta koma ta duba nata."