Ƙofar Da Na Toshe A Ƙanƙara

Ba zan faɗi sunana ba, don 'ya'yana suna shiga mutane. Ku dai sani ɗan manomi ne ni daga Ruwan Godiya, kuma ba yunwa ce ta kore ni daga gida ba. Rumbunmu bai taɓa wofinta ba. Fartanya ce kawai na raina, tun ranar da na ga sa'o'ina suna dawowa daga birni da rediyo a kafaɗa. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka cika ƙasa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya sayi babur, man da za a zuba masa kuma ya yi wuya.

Na fara da zama yaron mota a hanyar Faskari zuwa Sabuwa. Can na koyi zura tiyo a tanki in tsotsa. Farkon abin da na sata bai wuce cikin kwalba ba, na sayar wa wani mai babur na ci tsire. Ba wanda ya gani, sai kwalba ta zama galan, galan ya zama jarka. Ranar da ɗan'uwana yaron mota ya ce zai gaya wa direba, na kama shi bayan tasha na buga kansa da bodin mota har haƙoransa na gaba suka zube. Bai ƙara magana ba. Abin da na koya ke nan a ranar: duka yana rufe baki. Wannan karatun shi ya kashe ni.

Ana haka wani Alhaji ɗan kwangila, abokin babana, ya gina gidan haya a Ƙanƙara. Gidan bulo ne da rufin kwano, ɗakuna jere suna kallon juna, da 'yar siririyar tsakar gida mai rumfa. Malaman makaranta da ma'aikatan kamfanin hanya suka cika shi da iyalansu. Shi Alhaji a Kaduna yake zaune, don haka yana neman wanda zai kula masa da gidan. Babana ya roƙa mini, yana ganin zan natsu. An ba kura jiran akuya.

Ranar da ya miƙa mini makullai, Alhaji ya zagaya da ni. Ya nuna mini bokitan yashi da ya rataye a zaure, ya nuna mini ƙofar baya mai fita lungu.

Ya ce, "Ƙohwar ga ko da yaushe ta zamo tana buɗuwa. Kuma kada ka bari a aje mai cikin gida. Yaro, ba ɗakuna ni ba ka ba, mutane ni ba ka."

Na ce, "In sha Allahu, Alhaji." A raina kuwa ina auna ɗakin da ke manne da zaure, ina ganin duro nawa zai ci.

Kafin damina ta fita na cika ɗakin nan da fetur, wanda direbobi da masu gadi suke sato mini. Na zubar da yashin Alhaji na mai da bokitan na awo. Daga nan tsoro ya kama ni, domin mugu shi ya san makwantar mugu. Na san duk hanyar da ɓarawo ke bi ya shiga gida, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina toshewa. Na kira mai walda ya dasa rodi a kowace taga, na ce ya matse su sosai, don na san ɓarayi kan tura ƙaramin yaro ta taga. Na ƙara tsawon katanga na dasa fasassun kwalabe. 'Yan haya har godiya suka yi mini, wai na tsare musu kaya.

Saura ƙofar baya. Cikin 'yan hayar akwai wani magini, Malam Bulus, ɗan gidan Maguzawa daga wajen Ƙetare da ya shiga addinin Kirista. Ya girme ni, mutum ne mai sanyin magana. Yana zaune da tsohuwarsa da matarsa Talatu, wadda take da tsohon ciki. Shi na fara nema ya toshe mini ƙofar.

Ya ce, "Ba ni yi. Gida na warin hetur, sannan ka ce a bar mai ƙohwa guda? In wuta ta tashi ga zaure, matan ga ta ina za su hita?"

Na ce masa ya ji da aikinsa. Na ɗauko wasu magina daga Sabuwa suka yi mini yadda nake so: bulo ruɓi biyu, aka cika ramukan da kankare, aka gitta rodi a ciki. Har na tsaya ina alfahari cewa ko giwa ba za ta fasa nan ba.

Kwana kaɗan bayan haka na dawo na ji ƙarar guduma. Malam Bulus ne yake saran aikina. Ya ce ya aika wa Alhaji saƙo bai ji amsa ba, shi kuma ba zai zuba ido ba. Na ɗauki guntun rodi da magina suka bari, na sauke masa a hannun dama. Na ji ƙarar ƙashin. Ya faɗi, na ƙara masa a wuri guda, na kuma ƙarawa, har hannun ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Tsohuwarsa ta riƙe ƙafata tana roƙo, na yi jifa da ita. Mata suna leƙe ta tagogin da na sa wa ƙarfe, ba wadda ta iya fitowa. Na ce duk wanda ya kai ƙara, 'yan tasha abokaina za su ziyarce shi. Aka ce wa maɗori daga kan gini ya faɗo. Ba shi da hannun aiki, matarsa kuma haihuwa yau ko gobe, ina zai tashi ya je? Ya ci gaba da zama.

Talatu ta haifi 'ya mace. Kun san al'adar jego: safe da yamma sai an hura babbar wuta an tafasa ruwan wanka a rabin duro. Tsohuwar Malam Bulus ce ke wannan aiki, murhunta kuwa yana gefen magudanar da ke ratsa tsakar gida. Magudanar nan ta gindin ɗakin man nawa ta taso.

Ran nan da hantsi, maza duk sun fita aiki, wani mai mota ya zo da gaggawa. Na zura tiyo daga duro zuwa jarka, ya kira ni waje muna ciniki, na manta. Jarka ta cika ta tumbatsa, mai ya bi ƙasan ƙofa ya shiga magudana. Ina tsaye a bakin titi na ji wani "bif!" Na waiga na ga wuta tana gudu a ƙasa, daga murhu zuwa ɗakina. Kafin in ɗaga ƙafa zaure ya zama tanderu. Tsohuwar nan ce ta fara tafiya, ko ihu ba ta gama ba.

Mutane suka taru. Ba motar kashe gobara a kusa. Suka yi ta watsa ruwa, mai yana hawa kan ruwan yana ƙara yaɗuwa. Wani ya ce a kawo yashi, bokitan yashi kuwa ga su can cikin wuta, ni na san abin da ke cikinsu. Daga ciki mata suna ihu suna dukan ƙarfen taga. Wata ta kama katanga za ta haura, kwalabe suka yanke mata tafin hannu ta koma ciki.

Sai wani ya nuna ni ya ce, "Ga shi nan! Shi a mai man!"

Suka rufe ni. Sanda, dutse, ice, har da bakin fartanya. Aka fasa mini kai, aka karya mini haƙarƙari, wani ya tattaka mini fuska har idona na hagu ya mutu. Na ji ana cewa a jefa ni cikin wutar. Wallahi sun ɗaga ni, na ji zafinta a bayana.

Muryar Malam Bulus ce ta tsai da su. Ba tausayina ya ji ba. Daga wurin maɗori yake dawowa ya tarar da gobarar, ya zagaya lungu shi kaɗai da guduma a hannun hagu, yana ta dukan inda ƙofa take, ko ɓantarewa ba ta yi ba. Ya ratsa taron, hannun dama ɗaure da karare, ya ce, "Ku aje shi! Ku kashe shi daga baya. Yanzu ku ba shi guduma, shi ya san abin da ya gina."

Suka ja ni a ƙasa har lungu. Na ga tabon gudumarsa a kan tsohuwar ƙofa. Duk lokacin nan da ya ɓata, wurin da ya fi ko'ina ƙarfi yake duka. Na ce, "Ba nan ba, Malam. Akwai rodi. Gefe, inda bulo guda ne." Ya dube ni, irin kallon da har yau nake gani in na rufe ido.

Na kama guduma jini yana rufe mini fuska. Ina duka, wasu suka kawo diga da taɓarya. Rami ya buɗe, hayaƙi ya feso, muka fara jawo mata da yara, wasu gashinsu na ci da wuta. Amma ɗakin Talatu yana can kusa da zaure, rumfa ta rufto a bakin ƙofarta. Tagarta ce kaɗai ke kallon lungu. Muka koma can. Ga ta tana tari, ta miƙo jaririyar ta tsakanin rodi, kan ya ƙi wucewa. Ni ne tun farko na ce a matse ƙarfen nan. Na zura ƙotar guduma ina banƙarawa, ƙarfe ya yi zafi har fatar tafina ta manne da shi. Ya ɗan buɗa. Talatu ta tura 'yar da ƙarfi, ƙarfen ya ɗebe mata kunne guda da fatar gefen kai, uban ya cafe ta da hannu ɗaya.

Talatu ta ce, "Ka kama ta da kyau."

Tana rufe baki sauran duro suka fashe. Aka janye mu. Hannunta yana nan riƙe da rodi har wuta ta mutu.

'Yan sanda ne suka ƙwace ni daga hannun jama'a. A kotu Alhaji ya tsaya ya ce, "Na hwaɗa mai mutane ni ba shi." Babana bai zo ba, kuma bai ƙara ambaton sunana ba har ya rasu. Na shiga gidan yari da baƙin gashi na fito da furfura. A can na sha duka a hannun waɗanda suka fi ni mugunta, amma ba shi ne azabata ba. Azabata ita ce tagar ɗakinmu, mai rodi a matse. Duk wanda ya kama ta ya leƙa waje, sai in ga Talatu. Can na koyi sallah da gaske, na yi kukan da ban yi ba ranar gobara.

Da aka sake ni, kafin in je ko'ina na nufi Ƙetare. Na sami Malam Bulus a gindin bishiya, ya tsufa, hannun dama ya shanye. Ya gane ni tun daga nesa. Na durƙusa na ce, "Baba, na zo neman gafara."

Ya yi kira cikin gida a kawo wa baƙo ruwa. Wata budurwa ta fito da ƙwarya, ta durƙusa ta gaishe ni. Da ta sunkuya kallabinta ya zame, na ga gefen da ba kunne.

Ya ce, "Na hannuna na yahe maka tun tuni. Na uwata da na Talatu ba ni da ikon yahewa, ka bari sai kun gamu. Wagga kau ga ta nan. Hwaɗa mata ko kai wane ne."

Na fi son a sake ba ni gudumar nan da in buɗe baki, amma na faɗa mata, ban rage komai ba. Ta saurara har na gama. Ta karɓi ƙwaryar daga hannuna, ta zubar da sauran ruwan a ƙasa, ta shige gida. Ban ga laifinta ba, kuma ban ƙara ganinta ba.

To samari, da ku nake. Da kwalba guda na fara, kada ku ce taku ƙarama ce. In aka ba ku riƙon gida, ku sani duk mai numfashi a ciki yana wuyanku. Kada ku ajiye mai inda mutane ke kwana, ko da halal ɗinku ne. Kada ku taɓa yashi da ruwan da aka tanada don gobara. In za ku sa ƙarfe a taga, ku bar wadda ke buɗuwa ta ciki. Wanda kuma ya zo ya ce muku yana jin wari, ku saurare shi, mai yiwuwa hannunsa ne zai fasa muku bango gobe.

Ni na tuba, ina fatan Allah Ya karɓa, amma tuba ba ta mai da kunne. Kai da ke karanta wannan, ajiye takardar ka tashi ka duba ƙofar bayan gidanku. In ta ƙi buɗuwa, ka ɗauko guduma yau, tun kana da hannu biyu.